Gonata da Jirginku Ya Ɗauka Kango Ce

Zuwa ga Shugaban furojen da ke yawo da jirgi maras matuƙi a kan gonakinmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni manomi ne daga karkarar Kwaya. Ban san sunanka ba, don ba wanda ya taɓa gaya mana, shi ya sa na kawo kukana fili.

Na ɗaya. Sau uku ɗan jirginku ya tsaya a saman gonata bara, har da ranar kasuwar Guci da ba kowa a gari. Ba a nemi izinina ba, mai gari ma ya ce shi bai sani ba. An ce akwai doka a kan tashin irin wannan jirgi. In akwai, ina ta kwana ran nan?

Na biyu. Gonar nan hutar da ita na yi, kamar yadda mahaifina yake yi in ƙasa ta gaji. Na bar wa Malam Buba makiyayi, shanunsa su kwana a ciki su ba ni taki. Daga sama kam ba gero, ba gyaɗa, sai ciyawa.

Na uku. Sati biyu bayan zuwan jirgin na ƙarshe, wasu mutane suka zo a mota suka kafa turaku masu jan fenti a gefenta. Da na tambaya, ɗayansu ya nuna mini hoto a waya, ya ce a wurinsu fili ne da ba a nomawa, wai ƙidaya kawai suke yi. Ranka ya daɗe, ƙidayar da ke zuwa da turke ban yarda da ita ba. Tsoro nake ji, kuma ba na ɓoyewa.

Ina roƙo a cire turakun, a gyara abin da aka rubuta a kan gonata a gaban mai gari, kuma kada jirgi ya sake tashi sai an sanar da masu wuri.

Shekara biyu ya kamata ƙasar ta huta. Bana na kori shanun Malam Buba, mutumin da bai yi mini laifin komai ba, na zuba irina a gonar da na san ba za ta ciyar da iyalina ba, don kawai jirginku ya ga kore.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka abin da ka gada.

Wassalam.

Iliya Mahaman, Kwaya