Iyakar Fadamarmu da Bakin Tafinta

Katsina, Agusta 1937

Zuwa ga yayana Inuwa a Guri,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Baba da Inna? Yaya ruwan kogi bana, ya bar mana shinkafa? Ni lafiya ƙalau. Ka ce wa Inna ina cin abinci, sai dai miyar makaranta ba ta san kifi ba.

Watan nan malamin Turanci ya sa mu gaba da ƙananan kalmomin da ke nuna inda abu yake: bayan tsamiya, gaban rafi, tsakanin gona da gona. Wanda ya kuskure ya sha bulala. Hannuna ya ɗan kumbura, amma kada ka karanta wa Inna wannan.

Abokaina sun tsani darasin, ni kuwa haddace shi nake yi. Ka tuna ranar da Bature ya zo rangadi, Baba ya tsuguna cikin rana yana zayyana iyakar fadamarmu, daga tsamiya har bakin kogi? Tafinta Yelwa ya juya duk wannan da kalma uku, fadama ta koma hannun surukinsa. Baba har godiya ya yi wa Yelwa, don bai ji abin da aka faɗa ba. Godiyar nan ce ke ci mini rai.

Ka aiko mini da busasshen kifi, kuma kada ku bari a sare tsamiyar nan. In ka ga Yelwa, ka gaishe shi da kyau. Ranar da Bature ya sake zuwa, da bakina zan faɗi iyakar, Yelwa kuma yana tsaye ba mai neman nasa bakin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Sa'idu