Zane Nawa, Gini Nasu

Litinin, 3 ga Maris
An ba ni riƙon kujerar mai tsara haɗa bayanai, gwaji zuwa ƙarshen wata. Rumbunan bayanan bankinmu ba sa ga maciji da juna: na ajiya daban, na hannun jari daban, na dukiyar manyan kwastomomi daban. Ni zan zana hanyar da za ta haɗa su. Oga ya ce, "Zane naki, gini nasu. Kika sa hannu a aikin wani, kin koma tsohon teburinki." Kujerar nan sai ta zama tawa, in sha Allahu.

Alhamis, 6 ga Maris
Dogo, mai gina ɓangaren hannun jari, ya cukurkuɗa aikinsa. Kai! Yana fita cin abinci na zauna a kwamfutarsa na gyara. Ba wanda ya gani.

Jumma'a, 7 ga Maris
Ya gane. Bai kai ƙara ba, amma ya juya allonsa yadda ba zan hango ba. Kunya ta ishe ni.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kai wa Yaya kukana, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai ni ko shara aka yi mini sai na bi baya da tsintsiya. Na yi fushi na taho, ko jakata ban ɗauko ba.

Laraba, 26 ga Maris
Gwajin haɗa rumbunan a gaban Oga. Ana tsakiya adireshin kwastomomi ya maƙale, ya ƙi wucewa. Ga kuskuren ƙiri-ƙiri, layi guda! Yatsuna har ƙaiƙayi suke. Dogo sai zufa yake, Oga kuwa ni yake kallo, ba allon ba. Na zauna a kan hannuwana, na ce, "Dogo, a ina ka yi wa bayanan ganin ƙarshe?" Ya bi ta wata doguwar hanya da ni ba zan taɓa bi ba. Sai ga su sun wuce.

Litinin, 31 ga Maris
An tabbatar mini da kujerar. Alhamdulillahi.

Da rana Dogo ya tsaya gaban zanena da ke kan allon bango, ya nuna wani akwati a cikin zanen, ya ce, "Hajiya, wannan ba ya aikin komai." Akwatin da na fi alfahari da shi! Har na buɗe baki, sai na miƙa masa abin gogewa. Ba wai na yarda da shi ba ne fa. Allon ne ya cika.