Sunan da Inna Ta Kasa Faɗi

Madawa, Maris 1963

Zuwa ga ɗiyata Jaratu a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Bilal da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon gwiwa da bai bar ni ba tun da na aje aikin koyarwa a lakwal, makarantar boko. Kande ta sauka lafiya a Azarori, namiji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne, ki karanta a natse. Wanki Ahmadu, da muke kira Ɗanasabe, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun kina goye ya zauna Sudan, ya dawo ta jirgin sama don ya ga innarku. Sai dai tun kaka yana filin jirgi a Yamai, bai shigo ba, bai koma ba. Takardar da ke hannunsa ta zamanin Faransa ce, ƙasar da aka rubuta a ciki kuwa babu ita yanzu. Ma'aikata suka ce sai uwa ko wanda suka sha nono ɗaya ya shaida ɗan ƙasa ne. Shaidar kawu ba ta karɓuwa. Ban ga laifinsu ba, doka doka ce.

Aka aiko jandarma garin Urno wurin innarku, aka yi rashin sa'a ba na nan. Yaro ne baƙo, bai san mu ba. Ya tsaya gaban innarku, Yaya Cima, cikin taron mata, ya tambaye ta ko Ahmadu ɗan Isaka ɗanta ne. Ki duba, Jaratu: sunan ɗan fari da sunan miji a numfashi guda, ga tsohuwar da ba ta taɓa furta ko ɗaya ba. Ta ja zane ta rufe fuska, ta ce ba ta san shi ba. Matan suka yi guɗa suna yaba kunyarta. Shi kuwa ya rubuta abin da ya ji, da Faransanci mai kuskure ma, ya tafi.

Na hau kamyo, babbar motar kaya, na je Yamai na ga wanki. Da ba abin kuka ba ne, da na yi dariya. Ya shimfiɗa buzunsa bayan bencin matafiya, shi ke kiran salla, shi ke dafa wa masu gadi shayi, har ya shuka kuɓewa inda ruwan famfo ke zuba. Ya ce yana gane kowane jirgi da kukansa. Bai tambaye ni komai ba sai ko Inna na cin abinci. Da na gaya masa abin da ta faɗa, ya yi murmushi ya ce ai da ta amsa, da ya san ba uwarsa ba ce.

Na dawo na bayyana mata abin da kawaicinta ya jawo. Muka ɗora ta kan amalanke har gaban kumandan, babban jami'in hukuma a Madawa, na yi ta bita da ita a hanya kamar ɗan lakwal. Da aka tambaye ta, ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne "wancan yaron". Kumandan ya jira iyakar jira, ya rufe alƙalami. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen da ya yi shekara hamsin a ɗaure ba ya kwancewa rana ɗaya.

Tun ranar take kwance, ko fura ba ta sha. An kuma sanar da ni cewa kafin ruwan farko za a mayar da wanki inda ya fito. Ke kaɗai kika rage da za a karɓi shaidarki. Na san nisa, na san ba ki ko tuna fuskarsa, kuma zuciyata na gaya mini ko kin taso yau da wuya ki riske su duka biyu. Duk da haka ki roƙi Malam Bilal izini, ki wuce Yamai kai tsaye.

Jiya na shiga ɗakinta, na tarar ta juya ga bango tana kiran Ahmadu, Ahmadu, a fili, sarai, ba mai ji sai ni da shaidata ba ta da amfani.

Ki gaida Malam Bilal, da Fadimatu da Ali, da tsohuwa Lalla. Hamma da Kande suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri. In kin isa gaban ma'aikatan, ɗiyata, kada ki sunkuyar da kai. Ki faɗi sunan da ƙarfi.

Ni ne kawunki,
Alƙasim Maiguwa