Albarkar da Ta Maƙale a Kan Ganuwa

Palomino, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Dilia,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da maigidanki da jikokina kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan. Kin san makarantar da na yi, rabinta ta taga na leƙa.

Ina raye, sai dai ƙafafuna sun yi yaji. Ƙanenki Efrain ya kafe cewa kafin ya shiga jirgin dakon kayan da ya ɗauke shi aiki, sai mun taka gaɓar teku ni da shi, jaka a baya kamar Turawa masu yawon buɗe ido. Na ce, "Kai yaro, talaka in ya goya jaka ya kama hanya, ai gudun hijira sunansa." Ko murmushi bai yi ba. Uwarku ya biyo.

Tun daga Dibulla teku na dama, duwatsu na hagu. Kyau kam akwai shi, har ya ishe ni. Mun ƙetare bakin wani kogi, ruwa iya ƙirji, wandona ya so ya riga Efrain fita ƙasar waje. A ragar lilo muke kwana, sauro na yi wa wanzami ƙaho kyauta.

Jiya ya tsaya yana kallon ruwa, ya ce, "Baba, zan fa daɗe ban dawo ba." Na ce, "Madalla, shinkafa da kwakwa ta huta." Sai ya ɗauki jakata ya haɗa da tasa, ya yi gaba.

Daga Santa Marta mota za mu hau. Ki aiko amsa gidan gwaggonku Petrona a Cartagena. Ki shafa mini kan yara.

Ubanki mai aski,
Anselmo

*

Riohacha, ranar Asabar

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Yara suna gaishe ka.

Baba, ka karanta wannan a zaune, kuma kada ka karanta wa Gwaggo da muryar wasa. Efrain bai ja ka tafiyar nan don ya nuna maka teku ba, a bakinta aka haife ka. Kowane ɗa a ƙasar nan in zai fita yakan ce, "Baba, albarka," a amsa masa, "Allah ya yi maka albarka." Mu in mun ce, sai ka ce ta ƙare, sai an kawo daga kasuwa. Muna dariya ne don Mama tana nan, tana ba mu tata ta haɗa da taka. Yanzu babu Mama.

Yaron nan tsoron ruwan yake ji, ni ya gaya wa. Zai roƙe ka kafin ya tafi. Don Allah, sau ɗaya, ka amsa masa kamar kowane uba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Dilia

*

Cartagena, ranar Alhamis

Dilia 'yata,

Ina gaishe ki. Takardarki ta zo, na karanta a zaune kamar yadda malama ta umarta.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na koma tsakar gida na yi ta bitar sa albarkar a gaban akun Petrona, har shi ya haddace. Yanzu duk wanda ya shigo sayen ƙanƙara sai tsuntsu ya sa masa albarka.

Mun zaga cikin birni, lungu-lungu, benaye da furanni na zubowa ta kowace baranda. Efrain ya ce don 'yan fashin teku aka gina ganuwar. Na ce to yanzu suna ciki, su ke sayar da abinci. Nan ya ɗan yi dariya, na ji daɗi, na ce yau bakina da sa'a.

Da yamma muka hau ganuwa, muka zauna jikin wata tsohuwar igwa. Rana na faɗawa ruwa. Ya miƙe, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, albarka."

Wallahi albarkar ta taso, ta zo nan wuya. Sai na ga tsakiyar kansa, kan da nake aske wa tun yana kuka a cinyar uwarku. Na ji in na faɗa, shi ke nan na sallame shi, kuma zan fashe da kuka a gaban Turawa masu ɗaukar hoto. Sai na ji bakina yana cewa, "Wane mugu ya yi maka wannan aski? Kifaye za su yi maka dariya."

Ni na yi masa askin da safe.

Ya jira, Dilia. Kansa a ƙasa, ya jira. Sannan ya mai da hula, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai, tsoho. Mu sauka, gwiwarka."

A jirgi za su kwana. Na ce a raina ai akwai gobe. Da sassafe na je tashar jiragen, mai gadi ya ce ba a shiga sai ma'aikata. Na yi masa barkwanci, ya yi dariya har da riƙe ciki, bai buɗe ba.

Ki gaida maigidan.

Anselmo

*

Cartagena, ranar Juma'a

Dilia,

Gaisuwa. Na koma kan ganuwa. Wani jirgi na fita can nesa, ban ma san ko nasu ba ne. Na cire hula, na sa masa albarkar da iyakar muryata.

Wata mai tallar 'ya'yan itace, kwano a ka, ta ce, "Amin. Ta wa ce, baba?"

Na ce ta ɗana ce, na nuna mata ruwa.

Ta duba, ta dube ni. Ta ce, "Ayya. Da yana kusa me ya hana?"

Na mai da hulata, na sauko.

Gobe zan hau mota. Ki zauna lafiya.

Ubanku,
Anselmo