Zagin da Ake Ƙirgawa

Oulu, Finland
Watan Afrilu

Yaya Eduviges,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar nan, yaya ciniki? Ni ina nan yadda kika sani. Ƙanƙara ta fara narkewa, gari ya zama taɓo, mutanen nan kuma suna ta murna wai bazara ta zo.

Kin hana ni ambaton Fulgencio Ballón a wasiƙa. Yau kaɗai ki yi mini uzuri. Duwatsun da na zo na sara a dutsen Pukasalla, waɗanda kika ce sun fasa miki akwati, an niƙa su, an tsamo ƙwayoyin ma'adinin zirkon da ke ciki, masu nuna asalin dutse, an auna. Sakamakon ya fito. Fulgencio ya gina sunansa a kan cewa tsohon ɓawon ƙasa ne kaɗai ya narke ya haifi dutsen nan. Ni kuwa tun muna matasa nake cewa akwai sabon narki da ya taso daga can ƙarƙashi ya gauraya da shi. To ga shi ƙwayoyin sun yi magana, kuma bayana suka bi.

Kin san ba a kan dutse kaɗai muke faɗa ba. Mu biyu muka hau Pukasalla, alfadari ɗaya, bargo ɗaya. Da muka sauko ya zubar da awon da bai yi masa daɗi ba, na ce ba zan sa hannu ba, ya cire sunana daga maƙalar. Sannan ya zauna a kwamitin da ya ƙi sabunta mini aiki. Mutumin da na riƙe wa 'ya a coci ranar baftisma, har muke kiran juna compadre. Shi ya sa nake cin kifi da dankali a ƙarshen duniya, shi yana cin naman adobo a gidan abincinki duk Lahadi.

Na yi masa raddi sau da yawa, amma wannan ne zai rufe masa baki. Zan kammala kafin damina ta nan ta wuce.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Hermógenes

*

Arequipa
Watan Mayu

Zuwa ga compadre na abin ƙauna, Dakta Hermógenes Cáceres,

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina fatan sanyin arewa bai daskarar da wannan kaifin basira da muke alfahari da shi ba. Matata Amparo, comadre ɗinka, tana gaisuwa, haka ma Milagros, 'yarka ta baftisma.

Ga kwafin sabuwar maƙalata a kan Pukasalla, tun da ɗumi. Na ga ya dace kai ka fara gani, tunda babu wanda ya bi aikina da ƙwazo kamarka. Za ka ga a shafi na biyu na yi magana a kan waɗanda suke nazarin duwatsunmu daga hoto, suna zaune kusa da murhu a Turai. Ban kira suna ba. Na tabbata mutum mai girma irinka ba zai ɗauka da shi ake ba.

Na ji an ce shekaru sun fara taɓa ka, har ka daina rubutu. Ban yarda ba. Amma in haka ne, babu laifi, kowane doki da ranar da yake ajiye sirdi. Editan mujallar ya ce in akwai mai raddi, zai buga shi tare da amsata a fitowar Satumba. Na faɗa ne kawai.

Naka har kullum,
Farfesa Fulgencio Ballón

*

Oulu
Watan Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar da mutuminki ya aiko mini, ki karanta da kanki. Daga hoto! Ni da na bar farcen ƙafa biyu a kan dutsen nan. Na ajiye komai, na fara rubutu. Satumba yake so, Satumba zai samu, har sai ya ƙoshi.

Hermógenes

*

Arequipa
Watan Yuni

Hermo ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a. Ƙafa da sauƙi, ciniki sai godiya, ko da yake barkono ya yi tsada.

Ajiye alƙalamin nan ka saurare ni. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Tun yaushe Fulgencio ya fara aiko maka da kyauta?

Ranar Lahadi ya zo da Dakta Zegarra, mai ƙaton gashin bakin nan na sashenku, suka zauna a teburin kusa da kicin. Sun sha giyar chicha sun yi nisa, sun manta bangon nan na kara ne. Ashe an yi sabuwar doka a tsohuwar cibiyar taku ta bincike. A ƙarshen Disamba kwamiti zai duba sau nawa aka ambaci aikin kowane farfesa a 'yan shekarun nan. Wanda bai kai ba, a yi masa ritaya, a ba wani ɗakin gwajinsa. Ni ban san kan abin ba, amma ga yadda na ji.

Zegarra ya ce, "To, tsoho, saura nawa ka cika?"

Fulgencio ya ce, "Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin a ina za ka samo? An manta da Pukasalla. Yaran yanzu ko sunanka ba sa iya rubutawa daidai."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ina da gona a Finland. Na zuba taki watan jiya."

Zegarra ya ce, "Kai dai ba ka da kunya."

Ya ce, "Ka tsaya ka gani. Compadre zai yi raddi. Ɗalibansa na Turai su biyo shi, Japanawa su tsoma baki, nawa su rama. Kuma kowa sai ya rubuta sunana da shekarar maƙalata kafin ya zage ni. Kwamfutar da ke ƙirga ba ta san yabo da zagi ba. Ita dai an kira ka."

"In ya ƙi fa?"

"Hermógenes? Sai dai ya ƙi abinci. Mutumin nan ya fi matata kula da ni."

Suka kwashe da dariya. Ina tsaye da ludayi a hannu. Da na kai musu ƙari sai da na zuba masa barkonon da ya sa shi hawaye, ya ce, "Doña Eduviges, yau hannunki da zafi." Na ce, "Farfesa, ai kai ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ka ji abin da ke ƙarƙashin tukunya."

Amma zan gaya maka sauran, don kada ka ce na ɓoye. Amparo ba ta da lafiya sosai, an ce zuciya ce. Shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ɗakin gwajin nan shi ne rayuwarsa, in an karɓe ban san inda zai riƙa zuwa da safe ba. Milagros ta shigo kwanaki, ta tambayi labarinka, kai padrino ɗinta, ubanta na baftisma.

Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Ka dai san da wa kake.

Yayarka,
Eduviges

*

Oulu
Watan Yuli

Yaya Eduviges,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi jinkirin amsa ne don sai da na huce.

Kowane ɗan makaranta a wannan sana'a ya san ana ƙirga zagi kamar yadda ake ƙirga yabo. Ni ma na sani. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in zauna in duba. To na duba. Na buɗe jerin waɗanda suka ambaci maƙalarsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabi daga faɗanmu suka fito: ni, da ɗalibaina, da masu goyon bayana, da masu kare shi daga gare ni. Duk lokacin da sunansa ya fara kwantawa, sai in taso in yi masa famfo. Lambar yabon da aka ba shi, da tafiye-tafiyen da yake yi, da kujerar da yake kai, da gumina aka saya. Ashe shekara da shekaru ina jifansa da bulo, yana tarawa yana gini.

Abokin aikina na nan, wani Bafinlande mai suna Tapio, ya ce abin mai sauƙi ne: in buga sakamakon zirkon ɗin, kada in ambaci Ballón ko sau ɗaya. Na ce a'a. Wanda ya riga ka magana a kan dutse dole ka kira shi, ko da shirme ya faɗa. Share sunan mutum daga aiki shi ne abin da ya yi mini, kuma ba zan tsufa in zama shi ba. Har ma zan gaya miki abin da ya fi ƙona mini rai: na karanta sabuwar maƙalar tasa. Fassarar banza ce kamar kullum, amma awon da ke tebur na uku mai kyau ne, an yi shi da kulawa. Zan faɗi haka a rubuce.

Sai dai babu dokar da ta ce ga ranar da zan faɗa.

Akwai haɗari, ba zan ɓoye miki ba. Wasu Faransawa sun je Pukasalla bara, su ma suna auna zirkon. In suka riga ni bugawa, aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai zai koma layi ɗaya a ƙasan shafin wani. Tapio ya ce na haukace. Na kwana biyu ina juya abin. Na ga zan iya jure wa Bafaranshe ya riga ni. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne in sake ciyar da Fulgencio da hannuna. Na tara ɗalibaina na gaya musu babu mai taɓa Pukasalla a bana.

Maganar Amparo ta taɓa ni. Ita ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ki kai mata gaisuwata, ki ce wa Milagros padrino bai manta da ita ba. Amma ba Amparo ce ta zauna a kwamitin nan ba, kuma lokacin da aka kore ni babu wanda ya tambaya ina zan riƙa zuwa da safe.

In ya zo Lahadi ki zuba masa abinci yadda kika saba, kada ki ƙara barkono. Kada ya gane komai sai ya ji daga gare ni.

Ƙaninki,
Hermógenes

*

Oulu
Watan Agusta

Compadre Fulgencio,

Ina gaisuwa, ina yi wa comadre fatan sauƙi.

Maƙalarka ta iso, na karanta. Awon tebur na uku ya yi kyau, ina taya ka murna. Ka gaya wa editan kada ya ajiye mini fili a fitowar Satumba, ba ni da raddi.

Ina da sabon aiki a kan Pukasalla. Sunanka yana ciki sau bakwai, kowanne a inda ya dace, domin haƙƙinka ne. Zan miƙa shi ga mujalla a watan Janairu.

Naka,
Hermógenes Cáceres