Shanun da Baba Ya Ƙi Rabawa

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Tsarin ya fara aiki. Tun da na gama digirin lissafi nake fama da yaran sakandare a Zango, sai yau na ji karatun nan ya yi mini rana. Na zuba wa kwamfuta duk wasannin poka, wato karta ta intanet, da na buga da kuɗin kirifto, ta fitar mini da inda zan ƙara, inda zan janye, da wanda burga kawai yake yi ba shi da karta. Suhaibu, abokina da ya koya mini wasan, da zuciya yake bugawa. Ni kuwa sai na auna. Shi ya sa nake cewa nasa caca ce, nawa lissafi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sake ci. Na saya wa 'yata Raihana takalmin makaranta. Uwarta ta ce, "Malam, an biya ku ariyas ɗin albashi ne?" Na ce to, kusan haka.

Asabar, 17 ga Mayu

Na raka mahaifina, Baba Kongolam, rabon gadon marigayi Alhaji Mati, mai fataucin dabbobi. Idon Baba ya yi rauni, yanzu ni nake riƙe masa alƙalami. A gabansa na san sulusi da sudusi tun kafin malamin boko ya gan ni.

Kamar yadda ya saba, kafin a taɓa komai ya tambayi magada ko a dukiyar akwai abin da ba na mamacin ba. Can Kabiru, babban ɗan marigayin, ya ce shanu biyu a karta Alhaji ya ci su, daga hannun wani mutumin Mai'aduwa. Ƙannensa kamar su cinye shi ɗanye. Baba bai ɗaga murya ba. "A kora su a mai da wa mai su. Ba ni raba wa marayu wuta."

Na cire shanun daga lissafi. Sau biyu ina kuskure a kason mata, abin da ban taɓa yi ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na buga, na ci. Ban ji daɗi ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Akwai wani da tsarin ke nuna mini kullum, wai shi ne mafi rauni: da zarar ya faɗi sai ya fusata ya ninka. Lissafi ya ce in bi shi tebur-tebur, kuma na bi. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, hoton kyanwa kawai ya sa. Ko yana da 'ya, oho.

Mutumin Mai'aduwa dai yana da ƙofar gida. Ni in na mutu gobe, ina za a kora abin da na ci? Komai sai ya gangara kan Raihana. Wannan abu ya tsaya mini a rai, tsoro nake ji.

Juma'a, 23 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci na tambayi Baba, wai wani ne ya aiko ni. In dukiyar caca ce kuma ba a san mai ita ba fa?

Ya ce a fitar da ita inda jama'a za su amfana, kuma kada a sa ran lada. Ya daɗe yana jan carbi, har na miƙe. Sai ya ce, "Yazidu, ka ce wa mai tambayar ya yi da hannunsa tun yana da rai. Kada ya bar wa jikata."

Ban iya ɗaga ido ba.

Talata, 27 ga Mayu

An gyara famfon burtsatsen unguwarmu da kuɗin da na ci. Mai gyaran ya tambaye ni sunan wa za a rubuta a jikin siminti, na ce ba kowa. Suhaibu ya yi ta kira, wai teburin ya cika da sababbin hannu. Ban goge tsarin ba, buɗewa ce dai ban yi ba. Jarrabawa ta matso, aiki ya yi mini yawa. Ina jin dalilin ke nan kawai.