Kwalin da Suka Rataya wa Murna

Zuwa ga Yayata Saratu, wadda ta riga mu gidan gaskiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin hutun da ba ki samu a nan ba. Ni ce ƙanwarki Ladi, daga unguwar Thamesmead a Landan. Bayan gaisuwa, na karya alkawarin da na yi miki a asibiti. Na gaya wa 'yata Murna komai. Ki ji dalili kafin ki yi fushi.

Makon jiya makarantarsu ta aiko da takarda, wai Alhamis ranar Romawa ce, kowane yaro ya zo da farin zanen gado a yafa masa irin shigarsu. Kin san karatuna bai wuce aji shida ba. Romawan da na sani su ne na coci, sojojin da suka yi caca a kan rigar Ubangijinmu. Na ɗauka irin wasan Ista ne. Zannuwan gadonmu duk masu fure ne, sai na buɗe akwatinki na ɗauko farin zanenki na ƙungiyar mawaƙa. Da hannuna na goge shi, Yaya, ina murna 'yata za ta fi kowa tsaf.

Da aka tashi ta fito da gudu cikin zanenki, da kwali rataye a wuya. An raba ajin biyu ne, iyayen gida da bayi, takardar bayi ta faɗo mata. Sun yi kasuwa a filin wasa, an sayar da ita sau biyu, tana alfahari wai ita aka fi rububi. Ta karanta mini rubutun kwalin tana dariya: wannan ta gudu, duk wanda ya tsince ta ya mayar da ita wurin ubangidanta.

Yarinya 'yar shekara takwas. A cikin zanenki.

Ban san lokacin da na shiga ajin ba. Malamar ta tarbe ni da murmushi, ta ce ai kwalin an kwaikwayi na gaske ne, na ƙarfe da ake sa wa bayi a wuya, irin wanda ake ajewa a gidan tarihi. Ta ce Romawa ne suka kafa Landan, sun yi hanyoyi da katanga da gidajen wanka, kuma ta gaya wa yaran bauta ba kyau. Ta ce abin ya daɗe da wucewa.

Ya daɗe! Shekararki bakwai a gidan mutanen nan da suka kawo ki daga Kaduna, fasfonki a durowar uwargida, kina kwana kusa da injin wanki. Wannan ma zamanin Romawa ne? Na buɗe baki in faɗa, Turancina ya gudu. Sai kawai na ciro kwalin daga wuyan Murna na ja hannunta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka iya yafe wa masu ƙarfi. Mutum ya sa wa ɗan'uwansa ƙarfe a wuya, in dai ya gina katanga mai kyau, sai a goge ƙarfen a sa a gilashi, a zuba masa fitila. Hanyar a ce ta Romawa ce. Wanda ya ɗauki duwatsun a ka, ko sunansa babu. Mutanen garin nan sun gaji katangar suna nuna wa baƙi, laifin kuma sun wanke hannu kamar gwamnan Romawan nan ranar da aka gicciye Ubangijinmu.

Mu ma ban wanke mu ba. Kin tuna Ista a cocinmu na Deptford, maza su ɗaura tsintsiya a hular kwano su zama sojojin Roma, mu yi ta ƙyalƙyala? Ke kaɗai ba ki dariya in an zo wurin bulala. Na ɗauka tsananin ibada ce.

A cikin bas Murna tana kuka wai na kunyata ta gaban ƙawayenta. Na tuna abin da kika ce: "Ladi, kar yarinyar nan ta san an taɓa mallake ni." Na tuna kuma yadda take tsokanarki don kina cin abinci a tsaye a kicin, ko a gidanki, ko ranar Kirsimeti. Da yadda kike ɗaure fasfonki a cikin lalita a ƙugu, ko kasuwa za ki. In na yi shiru, gobe za ta sake miƙa wuya da kanta. Sai na faɗa, tun daga ranar da kika sauka jirgi har Lahadin da kika fita zubar da shara ba takalmi, matan zumunta na coci suka ɓoye ki.

Muka iso gida. Ta cire zanen, ta ninke shi yadda kika koya mata, gefe da gefe. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa ni, sai ga ta da Hausa: "Mama, waɗanda suka tsinci Anti, sun mayar da ita?"

Na ce ba su mayar ba.

Ta ɗauko almakashi ta yayyanka kwalin.

Litinin za mu koma makarantar tare. Ta ce ita za ta yi mini Turancin, kuma sunanki za ta fara faɗa. Ki gafarce ni, Yaya. Kin ɓoye don ki kare ta, amma kunyar ba taki ba ce, tasu ce.

Ubangiji ya ba ki wurin zama a teburinsa, ki ci a zaune, ba mai kiran sunanki daga falo. Ya sanyaya mini zuciya, amma kar ya bar ni in manta. Amin.

Taki har mu sadu,
Ladi